Robar Hannun Lobsta

Port Ardoch, Cape Breton
Tsakiyar watan Mayu

Zuwa ga mijina Murdo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Alberta, yaya kuma gwiwar nan da kake ce mini ta warke alhali na san ƙarya kake yi? Mu nan lafiya lau. Babanka Hector yana nan da ƙarfinsa, bakinsa ma ya ƙara kaifi.

Na koma rubutu ne saboda a waya ba ka barina in kai aya. Kullum sai ka ce layin sansaninku yana yankewa, kuma abin mamaki ba ya yankewa sai na zo kan maganar gida. To ga takarda, sai in ga yadda za ta yanke.

Ban manta alkawarinmu ba. Idan hukumar gari ba ta tabbatar da ni a aikin motar shara ba zuwa ƙarshen kakar kamun lobsta, ƙaguwar tekun nan tamu, zan sa gidan nan a kasuwa in biyo ka. Na ce na yarda, kuma ba zan saɓa ba. Amma ka sani raina ba ya so. A gidan nan na goyi 'ya'yanmu, ta tagar kicin ɗin nan nake kallon jirage suna fita, ban ga abin da zan je in kalla a Fort McMurray ba sai hayaƙi da kai.

Yanzu ga abin da ya taso. Janine Pettipas, shugabarmu a sashen shara, ta kira ni ofis tare da Lorne direban motarmu. Ko zama ba mu gama yi ba ta ɗauko bokiti ta juye a kan teburinta. Taki ne baƙi wuluk mai laushi, wanda ake yi da ragowar abincin da muke kwasowa daga koren durom na gidaje. Sai dai ko'ina a cikinsa ga 'yan zobban roba, shuɗaye da rawaya, irin waɗanda ake ɗaure hannun lobsta da su don kada ya damƙi mutum.

Ta ce, "Effie, kin san waɗannan?"

Na ce, "Haba Janine, kafin a rufe kamfanin kifi ai ni nake saka su. Ko a mafarki na san su."

Ta ce, "To ba sa ruɓewa, rariyar injin ma ba ta tare su. Manomin da ke ɗaukar takinmu ya ce kabeji ya shuka, roba ta tsiro."

Lorne ya kwashe da dariya, ta harare shi, ya haɗiye abarsa.

Ashe tun da aka fara kamu, duk lodin da muka kai daga Ardoch ba ya shiga wurin yin taki, ramin binne shara ake wucewa da shi. Kansiloli sun ce ba za su ci gaba da tura mota har nan don ta kwaso abin da za a binne ba. In kaka ta ƙare lodinmu bai yi tsabta ba, za a soke ɗaukar koren durom a Ardoch gaba ɗaya. Lorne za a mai da shi wata hanya tunda ya daɗe. Ni kuwa da nake gwaji, ka san inda na dosa.

Kai ma ka san yadda muke cin lobsta a garin nan. A shimfiɗa jarida a tebur, a juye tukunya, kowa ya fasa ya tsotse, in an gama a naɗe jaridar da duk abin da ke cikinta a jefa a koren durom, a wanke hannu ana ganin an kyauta wa duniya. Jarida tana ruɓewa, ɓawon ma manoma har so suke yi. Robar ce ba wanda ya taɓa kawo ta a rai. Janine ta ba ni takardun gargaɗi masu ruwan lemo, ta ce duk durom ɗin da na ga roba a ciki in liƙa masa in wuce. Gobe zan fara.

Ka kula da kanka, ka daina cin abincin gwangwani. Ina gaida abokan ɗakinka.

Taka har kullum,
Effie


Port Ardoch
Farkon watan Yuni

Murdo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, tarin da na ji a muryarka ranar Lahadi kuma ya lafa. Na samu takardarka da hoton ɗakin da ka ce ka gano mana. Na gode. Kicin ɗin na duba shi da kyau, in na shiga sai dai in fito da baya.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya cakuɗe. Na bi gida gida na yi bayani da lalama, kowa ya ce to, to, Effie, za mu kula. Mako na zagayowa na ɗaga murfi na tona da sanda, ga roba tana kallona. Sai na fara liƙa takarda. Ka kuwa san abin da ɓawon lobsta ke zama in ya yi mako guda a rana a rufe. Yanzu rabin garin yana wari, kuma duk sun yarda ni ce na kawo warin.

A kanti mutane suna ganina sai su shiga karanta bayan gwangwani. A coci Jessie Belle, wadda muka yi makaranta tare, ta ɗora jakarta a gurbin da na saba zama. Mazan bakin ruwa sun raɗa mini suna, Sarauniyar Bola. In motarmu ta wuce sai su cire hula su rusuna.

Wanda ya fi ci mini rai babanka ne. Na ɗaga durom ɗinsa, roba kamar an zuba da gangan. Lorne ya leƙo ta taga ya ce, "Ke, wannan fa na surukinki ne, rufe ido mu juye." Na ce in na rufe ido a nan, da wane idon zan kalli Jessie Belle? Na liƙa.

Da yamma sai na ji ƙarar taya a kan tsakuwa. Tsohon nan ne ya jawo durom tun daga gidansa har ƙofarmu, ƙudaje na rakiya.

Ya ce, "Ke Effie, fito! Tun ba a haife ki ba nake kamun lobsta, yau matar ɗana ce za ta koya mini yadda ake zubar da ɓawonsa?"

Na ce, "Baba, ba ɓawon ba ne, robar ce. In ka dafa ka cire ta kawai."

Ya ce, "In na dafa ci nake yi, ba tsince-tsince ba. Ga kayanki nan, Sarauniya, a yi mulki lafiya."

Ya juya ya tafi abinsa. Na sa safar hannu na durƙusa a bayan gida na tsince robar ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina hawaye, kuma wallahi ba warin ne ya sa ni ba, takaici ne. Mutanen nan nawa ne, don in zauna a cikinsu nake wannan wahalar, ga shi sun fi kowa tura ni Alberta.

Gaskiyar Baba ɗaya ce, ita ce ta hana ni sukuni. Mutum yana zaune hannu duk man shanu, ga giya ga hira, ba zai tsaya zare roba daga ɓawo mai zafi ba. Ko na liƙa takarda a goshin kowa ba za su yi ba. Lodin wannan makon ma an binne shi.

Kada ka yi murna tukuna, kaka ba ta ƙare ba.

Matarka,
Effie


Port Ardoch
Ƙarshen watan Yuni

Masoyina Murdo,

Ina gaishe ka gaisuwa irin ta wadda ta yi kewa. Ina fata kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutun nan da ya karkace, babban yatsana na dama yana naɗe da bandeji, ya kumbura ya yi shuɗi. Kada hankalinka ya tashi. Ban taɓa jin ciwon da na ji daɗinsa kamar wannan ba, bari ka ji.

Ranar Asabar aka yi cin lobsta na shekara a zauren coci. Kamar kullum, mata muna ciki da dankali da burodi da kek, maza suna baya sun kewaye manyan tukwane da ruwan teku, kowa yana ba da umarni ba mai bi. Ba wadda ta kula ni a kicin, sai na ɗauki wani bokiti na fita wurin mazan, niyyata in roƙe su a ajiye shi don zuba roba. Abin da ya kai ni ke nan, Allah ya sani.

Ina fitowa Rory Ja ya hango ni. Ka san shi da babanka, tun suna samari suke jayayya a kan wanda ya fi iya teku, amma ranar nan sun haɗa kai a kaina.

Rory ya ce, "Jama'a a gyara tsayuwa, ga Sarauniya ta zo duba talakawanta."

Babanka ya ce, "Ku ɓoye aljihunku, kada ta liƙa muku takarda a wando."

Aka yi ta dariya, har da Fasto. Ni kuwa ina tsaye da bokiti ina kallon yadda suke yi. Kowane ƙato sai ya ɗauko lobsta daga akwati, hannuwansa a ɗaure tam, ya jefa a tukunya yana hura hanci. Sai bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Mahaifiyata dai ba ta taɓa dafa lobsta da roba a hannu ba. Yana da ransa take cire masa. Amma fa ita ba ta da tsoro."

Duk suka juyo suna kallona.

Babanka ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Na dai lura ku sai an ɗaure muku shi kuke iya taɓa shi. Ba laifi ba ne, kowa da irin zuciyarsa."

Murdo, da ka ga fuskokinsu. Rory ya yi ja har ya fi gashinsa. Ya ce, "To bisimilla, 'yar mai zuciya, ga akwati nan." Ya tona ya tona ya zaƙulo wani tsohon lobsta, baƙi, mai hannu kamar guduma, ya ajiye a kan tebur.

Na ajiye bokiti. Matan kicin duk sun fito bakin ƙofa. Na kama shi ta baya, na giciye hannuwan, na zare robar farko lafiya. Na zare ta biyu. Ina ɗago kai don in ga idon babanka, abin nan ya juyo da babban hannun ya damƙe mini yatsa. Na ji zafin har cikin haƙorina. Amma na rantse a raina ko yatsan zai cire ba zan yi ƙara ba. Na yi murmushi, na taka a hankali har bakin tukunya da shi a rataye, tururi ya buge shi ya sake ni ya faɗa. Na ɗauki robar biyu na jefa a bokiti na ce, "Shi ke nan fa abin da ya gagara."

Babanka ya ture ni da kafaɗa. Ya ce, "Matsa can, yarinya, haka ake yi? Kin riƙe shi kamar za ki yi masa wanka." Ya naɗe hannun riga, ya cafko ɗaya, kafin in ƙifta ido roba biyu suna tafinsa, lobsta yana cikin ruwa. In faɗi gaskiya, tsohon nan gwani ne, na ji alfahari da shi duk da haushinsa da nake ji.

Rory ya ce, "Ai jariri ka zaɓa, Hector. Wannan ko jikata za ta iya."

Babanka ya ce, "To ɗauko babansa mu gani, in ba ka bar yatsa a nan ba."

Daga nan wuri ya rikice. Kowa yana ture kowa a bakin akwati, ana ihu ana kirari. Lorne ya sha damƙa ya yi ta tsalle da ƙafa ɗaya. Fasto ma ya ce ba za a bar shi a baya ba, aka kama shi a ɗan yatsa, ya saki wata kalma da ban taɓa zaton ya sani ba, matan bakin ƙofa suka yi kamar ba su ji ba. Kafin a zauna cin abinci bokitina ya kusa rabi, ba lobsta ɗaya da ya shiga tukunya a ɗaure. Jessie Belle ce da kanta ta ja ni kicin ta tsoma yatsana a ƙanƙara, tana cewa, "Ke dai Effie ba ki da hankali, tun muna yara haka kike." Ta kuma yanko mini kek mafi girma.

Abin da ya biyo baya ni kaina ban shirya shi ba. Yanzu a Ardoch duk wanda aka liƙa wa takarda mai ruwan lemo, gari ya san a ɗaure ya dafa, wato matsoraci ne. Mazan da ke rusuna mini don tsiya, yanzu a bakin hanya suke jiran mota. "Effie, buɗe ki tona da kyau, har ƙasa, ki gaya wa mutane abin da kika gani." Babanka ya kafa ƙusa a jikin ƙofarsa yana rataye robar da ya cire don duk mai wucewa ya gani, wasu suka kwaikwaya.

Shekaranjiya na samu roba a durom ɗin Rory. Ya biyo mota da gudu da silifas yana rantsuwa baƙinsa ne daga Ontario suka dafa ba ya nan. Na ce, "Rory, ni durom nake karantawa, ba na karanta zuciya." Na liƙa. Kafin mu kai ƙarshen layi babanka ya buga wa rabin gari waya.

Saura lodin ƙarshen kaka, shi Janine za ta duba a gaban kansila. Ka taya ni da addu'a, ko da rabin zuciya ne.

Taka,
Effie


Port Ardoch
Tsakiyar watan Yuli

Mijina Murdo, abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yatsa ya sace, farcen ne dai ya ce shi tafiya zai yi. An kwashe tarkuna daga ruwa, jirage sun huta, gari ya yi shiru.

Zauna kafin ka karanta sauran.

Jiya muka kai lodin ƙarshe, wanda ya fi kowane nauyi, don ka san a makon rufe kaka ba gidan da ba a dafa ba. Durom ina iya tona shi da sanda, amma ba na iya ganin cikin kowane ƙunshin jarida, kuma Janine ta riga ta ce in robar ta wuce 'yar kaɗan magana ta ƙare.

Muna shiga wurin yin takin na ga wata tsohuwar mota a bakin ƙofa. Babanka ne da Rory a ciki, su biyu a mota ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Baba har da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Na ce me ya kawo su? Ya ce, "Sharar garinmu za a yi wa shari'a, a ce ba dattijo ko ɗaya a wurin?"

Lorne ya juye lodin a kan siminti. Wari ya tashi, kansilan ya ja da baya yana toshe hanci da hankici. Janine ta sa dogayen takalma ta shiga da manjagara, tana ja tana farfasa ƙunshin jarida, ɓawo ja yana zubowa. Ta yi gabas, ta yi yamma. Ni dai ina tsaye a gefen mota ina kallo.

Can sai ta tsaya ta sunkuya. Wani abu rawaya a cikin ɓawo. Na ji Rory ya ce, "Wallahi ba nawa ba ne." Babanka ya ce, "Rufe mana baki." Ta ɗago shi da yatsa biyu ta juya shi. Ɓawon lemon tsami ne. Ta jefar ta ci gaba.

Har ta kai ƙarshen tulin ba ta samu ko ɗaya ba, Murdo. Ko ɗaya! Ta jingina da manjagara ta ce wa kansilan tun da aka buɗe wurin ba ta taɓa ganin lodin garin masunta mai tsabta irin wannan ba, ɗaukar koren durom a Ardoch yana nan daram, wadda ke bin motar kuma ta zama ma'aikaciyar dindindin daga ranar Litinin. Kansilan ya gyaɗa kai da sauri, ina jin don ya samu ya fita ne.

Na yi niyyar in tsaya da mutuncina, amma ina! Na yi guɗa a tsakiyar shara, na rungume Janine da takalmanta da komai. Babanka ya zo ya tsaya kusa da ni yana gyaran murya, ya ce wa kansilan, "Matar ɗana ce. Taurin kai gare ta, amma a gidanmu ta koya." Na bar masa.

Saboda haka na cika alkawarina ta hanyar da na so. Gida ba na sayarwa ba ne, kuma ba inda za ni. Na yi murna, Murdo, murnar da rabona da irinta tun ranar da aka rufe kamfanin kifi na dawo gida ina ganin amfanina ya ƙare.

Saura magana ɗaya. A hanyar dawowa Lorne ya ce mini bayansa ya gaji, kafin sanyi ya shigo zai ajiye aiki. Janine tana neman mai lasin babbar mota wanda ya san hanyoyin nan, na ce mata na san wani da yake can yana tuƙa wa wasu motar ɗibar ƙasa a Alberta. Albashin bai kai naka ba, na sani, amma za ka kwana a gadonka. Abu ɗaya dai ka sani tun yanzu: a motar nan na riga ka shiga. In na buga gefenta ka tsaya, in na ce mu je ka ja.

Ka dawo gida, Murdo. Jiya na dafa lobsta biyu don murna, na zauna a tebur, sai na ga ba wanda zan yi wa gori.

Matarka mai jiranka,
Effie MacAskill